Wane Firosesa Ya Fi a Wasa? Amsoshin Tambayoyin da 'Yan'uwa Ke Kawo Mini Shago a Jidda

Na daɗe ina haɗa kwamfutocin tebur a wani ɗan shago a nan Jidda. Yawancin samarinmu da ke zuwa wurina, ko daga Karantina da Sabil, ko waɗanda ke hawo mota tun daga Shara Mansur a Makka, da waya a hannu suke shigowa. Kafin mu gama gaisawa yaro ya buɗe hoton wani jadawalin gwajin firosesoci a wasa mai dogayen sanduna, ya ɗora yatsa a kan ta sama ya ce, "Yaya, wannan nake so, shi ya zo na ɗaya." Kuɗin da zai kashe kuwa gumin wata da watanni ne. Wani a aikin lokacin Hajji ya tara shi, wani mahaifinsa ne ya cika masa alƙawari bayan jarrabawa. Shi ya sa ba na gaggawar karɓa. Jadawalin nan gaskiya ya faɗa, sai dai ba kwamfutar yaron aka gwada ba, ba kuma a ɗakinsa aka yi gwajin ba.

Ga waɗanda Larabci ya fi kama bakinsu: firosesa shi ne mu'alij, katin hoto shi ne kart shasha, allo kuma shasha.

Tunda katin hoto ne ke zana wasa, mene ne aikin firosesa?

Ka ɗauki shagon tela ana jibi Sallah. Akwai mai yanka yadi, akwai mai zama a kan keke. Mai yanka shi ne firosesa. Kafin kowane hoto ya bayyana a allo, shi ke lissafa inda kowane ɗan wasa yake, inda harsashi ya nufa, abin da ka danna a kibod, da saƙon da ya iso ta intanet. Sannan ya miƙa wa katin hoto, shi kuma ya ɗinka, wato ya zana. Hoto ɗaya shi ake ce wa firem, adadin da ke fita a daƙiƙa ɗaya kuma shi ne FPS.

Idan mai yanka zai iya yanka riga 200 a wuni amma mai keke 80 kawai yake iya ɗinkawa, riga 80 ce za ta fita daga shagon. Ko ka ɗauko wanda ya fi kowa iya almakashi a Jidda, 80 ɗin ce dai.

Me ya sa masu gwaji ke haɗa kati mafi tsada da hoton 1080p? Wa ke wasa a haka?

Kusan babu, kuma su ma sun sani. Da gangan suke yi. Hoton 1080p ɗigo 2,073,600 ne, na 1440p ɗigo 3,686,400, na 4K kuma 8,294,400, wato ninki huɗu na 1080p cif. Duk wannan ƙarin ɗigo a kan katin hoto yake sauka, aikin firosesa kusan bai canzawa. To wanda ke son ya auna mai yanka dole ya samo mai keken da ba zai taɓa jinkirta shi ba. Shi ne dalilin da ake sa babban kati irin RTX 4090 ko RTX 5090 a rage girman hoto, don abin da ya rage yana tauye gudu ya zama firosesan kansa.

Idan ka ga jadawalin 4K sandunan sun kusa daidaita, ba firosesocin ne suka zama ɗaya ba, dukansu ne ke tsaye suna jiran kati. Amfanin gwajin 1080p a wurinka shi ne yana nuna maka iyakar abin da firosesan zai iya bayarwa ranar da ka canza kati bayan shekara biyu ko uku. Bai yi maka alƙawarin za ka ga wannan lambar a daren da ka kai kwamfutar gida ba.

Katina RTX 4060 ne. In na sa firosesan da ya zo na ɗaya, zan ga bambanci?

Ya danganta da wasan da kake yi da kuma allonka, kuma za ka iya ganowa da kanka yau ba tare da ka kashe ko halala ba. Sauke manhajar MSI Afterburner, ka sa ta riƙa nuna maka aikin kati da FPS a kusurwar allo, ka shiga wasan da ka saba. Idan katin yana zaune a kashi 97 zuwa 99 cikin 100, shi ne ya kai maƙura, sabon firosesa ba zai ƙara maka abin a zo a gani ba. Idan kuwa yana yawo a 60 ko 70 alhali ba ka ƙayyade FPS ba, to akwai abin da ke riƙe shi, kuma galibi firosesa ne ko ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da firosesa ke ɗaukar bayanai daga cikinta.

Hanya ta biyu ta fi wannan sauƙi. Rage girman hoto zuwa 720p, ka bar sauran saiti yadda suke. FPS ya yi tsalle? Katinka ne ke tauye ka. Bai motsa ba? Firosesa ne.

Kada lambar aikin firosesa ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta yana kashi 40, ka ce ai yana hutawa, alhali ƙwaya ɗaya a cikinsa, wadda wasan ya ɗora wa babban kaya, ta riga ta cika maƙil, sauran suna zaune. Abin da ake rubuta wa core a jikin kwali shi nake kira ƙwaya.

Sai maganar allo, wadda samari suka fi mantawa da ita. Allo mai 60 Hz hoto 60 kawai yake iya sabuntawa a daƙiƙa. In kwamfutarka na fitar da 300 za ka ɗan ji linzami ya fi saurin amsawa, amma idonka 60 zai gani. Na sha mayar da yaro ya fara sayen allo mai 144 ko 165 Hz da kuɗin da ya zo sayen firosesa, kuma wannan ne canjin da yake gani tun a minti na farko.

A jadawali akwai sanda biyu ga kowane firosesa, doguwa da gajeriya. Wacce zan duba?

Gajeriyar. Doguwar matsakaicin FPS ce. Gajeriyar, wadda suke rubuta wa 1% low, tana nuna yadda wasan ke kasancewa a lokutan da ya fi wahala, wato kashi ɗaya cikin ɗari na firem ɗin da suka fi jinkiri.

A 60 FPS kowane firem yana ɗaukar milisakan 16.7, a 144 yana ɗaukar 6.9, a 240 kuma 4.2. A ce kana tafiya lafiya a 144, sai aka jefa gurneti, hayaƙi ya tashi, mutum biyar suka ɓullo lokaci guda, firem ɗaya ya ɗauki milisakan 50. A lissafin matsakaici wannan ba zai ko bayyana ba. A hannunka kuwa shi ne cijewar nan da kake ji, kuma a daidai lokacin ne ake harbe ka. Tsakanin firosesa mai matsakaici 200 da gajeriyar sanda 90, da wani mai matsakaici 180 da gajeriyar sanda 130, na biyun zan ba ƙanena.

Amma ba kowace cijewa ce laifin firosesa ba. Wasanni da yawa suna cijewa a karon farko da ka shiga sabon wuri ko bayan sabunta direban kati, saboda suna shirya wasu lissafe-lissafen zane. Wannan yakan wuce da kansa.

Core i9 yana da ƙwaya 24, Ryzen 7 yana da 8. Ta yaya mai 8 zai wuce shi?

Da farko, 24 ɗin ba iri ɗaya ba ne. Core i9-14900K, wanda ya fito a Oktoba 2023, yana da manyan ƙwaya 8 da ƙanana 16. Intel ta fara wannan tsari ne a zubi na 12, a 2021. Ƙananan suna da amfani sosai wajen haɗa bidiyo da ayyukan da ake iya rabawa gida-gida, amma wasa a kan manyan yake dogara. Yawancin wasanni ba sa cin moriyar abin da ya wuce ƙwaya 6 zuwa 8, domin akwai lissafin da dole a gama shi kafin a fara na gaba, ba ya rabuwa. Mutum goma ba za su yanka wuyan riga ɗaya a tare ba.

Haka abin yake a gidan AMD. Ryzen 9 7950X3D yana da ƙwaya 16, amma a wasa shi da 7800X3D mai 8 kusan kafaɗa da kafaɗa suke. Idan sana'arka haɗa bidiyo ce, kana yi wa mutane bidiyon biki ko na tallar kayan tsaraba, yawan ƙwaya zai rage maka zaman jira. In wasa ne kawai, kuɗin ka kai shi kan kati.

Mene ne X3D ɗin nan da kowa ke magana a kai?

Mu koma wurin mai yanka. Yadin da ke kan teburinsa hannu kawai zai miƙa. Wanda ke sito a bayan shago sai ya tashi ya je ya ɗauko. Teburin shi ne ma'ajiyar da ke cikin firosesa, wadda ake kira kash, siton kuma shi ne ram. Wasa yana yawan neman ƙananan bayanai barkatai, kuma duk lokacin da ba a same su a tebur ba, firosesa tsayawa yake yi yana jira.

Abin da AMD ta yi shi ne ta ɗora ƙarin ma'ajiya mai MB 64 a kan 32 da ke akwai, ya zama 96. Na farko shi ne Ryzen 7 5800X3D a Afrilu 2022, sai 7800X3D a Afrilu 2023, sai 9800X3D a Nuwamba 2024. Core i9-14900K kuwa MB 36 gare shi a wannan mataki. A 9800X3D an mayar da ƙarin ma'ajiyar ƙarƙashin ƙwayoyin aikin maimakon samansu, zafi ya samu hanyar fita, shi ya sa ya iya gudu fiye da na baya. Da ya fito, masu gwaji irin su Gamers Nexus da Hardware Unboxed sun same shi a gaba a yawancin wasannin da suka gwada. Core Ultra 9 285K na Intel, wanda ya riga shi fitowa da 'yan makonni, ya rage cin wuta, amma a wasanni da dama bai kamo ko 14900K ba a lokacin.

Ribar X3D ba daidai take a kowane wasa ba. Ta fi fitowa a wasanni masu tarin lissafi: Microsoft Flight Simulator, cikin birni a Baldur's Gate 3, PUBG, da wasannin gina gari. A wasu kuma tazarar 'yar kaɗan ce. Shi ya sa nake cewa kada ka tsaya a shafin ƙarshe inda aka haɗa matsakaicin wasa goma sha. Nemi shafin wasan da kai kake yi.

GHz fa? Ba mai lamba babba ne ya fi sauri ba?

GHz ma'aunin saurin bugun firosesa ne. Tsakanin 'yan kamfani ɗaya, zubi ɗaya, e. Tsakanin kamfani biyu, a'a. 14900K yana kai 6.0 GHz, 7800X3D iyakarsa 5.0, amma a wasanni da yawa mai 5.0 ne a gaba.

Na ga wani shafi ya ba kowane firosesa maki guda. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Makin Cinebench, alal misali, yana auna saurin zana hoto mai nauyi da dukkan ƙwayoyin aiki a lokaci ɗaya. Gwaji ne mai kyau ga mai irin wannan aiki, ni ma ina amfani da shi in ga ko na'urar sanyaya ta zauna daidai. Amma a can 14900K ya ninka 7800X3D ko kusa da haka, a wasa kuwa labarin ya sha bamban. Shafukan da ke tattara sakamako daga kwamfutocin jama'a su ma suna da nasu rauni: ba ka san wa ya kunna ram ɗinsa daidai ba, wa kuma ya yi gwajin da shafuka talatin a buɗe.

Masu gwaji biyu sun gwada firosesa ɗaya, lambobinsu sun saɓa. Wa ke ƙarya?

Sau da yawa babu. Wani ya yi amfani da gwajin da ke cikin wasan, wani ya shiga kasuwar da ta fi cunkoso a wasan ya yi ta zagaye. Ram ɗinsu daban, mazabod (babban faifan da ake dasa sauran kayan a kai) daban, iyakar wutar da aka ba firosesa daban. Kwanan wata ma yana da tasiri: a 2024 Microsoft ta fitar da gyara a Windows 11 wanda ya ƙara wa firosesocin Ryzen gudu a wasanni, sai jadawalin da aka yi kafin gyaran ya tsufa. Ka'idar ita ce kada ka ɗauki lamba daga bidiyon wannan ka gwama da ta wancan. Gwama firosesa biyu a cikin jadawali ɗaya, sannan ka duba ko mai gwaji na biyu ya samu jeri iri ɗaya. Wanda bai faɗi ram da kati da saitin da ya yi amfani da su ba, ka wuce shi. Akwai tashoshi masu nuna wasa gefe da gefe da lambobi suna gudu, amma ba su taɓa nuna kayan a hannunsu ba. Ban yarda da su ba.

Na sayi irin firosesan da aka gwada, amma ban samu lambarsu ba. Me ya faru?

Kafin komai, duba ram. Kwanakin baya wani yaro ya zo mini daga Makka da kwamfuta a rungume, ransa a ɓace. Ya saye ta a haɗe a wani shago, Ryzen 5 7600 ne a ciki, amma Fortnite na cije masa. Ya riga ya yanke shawarar sayar da firosesan. Na buɗe murfin gefe, sai ga sandar ram guda ɗaya tal mai GB 16, ramuka uku a buɗe. Na shiga BIOS, wato shafin saitin mazabod, tana gudu a 4800, alhali a jikinta an rubuta 6000. Matsala biyu ke nan a wuri ɗaya.

Sanda ɗaya tana nufin hanya ɗaya tsakanin firosesa da sito. Sanda biyu hanya biyu, kuma a yawancin mazabod masu rami huɗu a na biyu da na huɗu ake sa su, in ka ƙirga daga wajen firosesa. Saurin da aka rubuta a kwali kuma ba ya zuwa da kansa, sai ka kunna shi a BIOS: XMP a Intel, EXPO a AMD. Masu gwaji galibi da DDR5-6000 sanda biyu suke gwada Ryzen na yanzu. Muka samo masa 'yar'uwar sandar, muka kunna EXPO, ya zauna a kan kujerar shago ya buga zagaye biyu. Da ya cire abin kunne sai ya ce, "Yaya, wallahi kamar ba ita ba." Firosesan da ya so rabuwa da shi har yau shi yake amfani da shi.

Zafin ƙasar nan yana shafar sakamako?

Ƙwarai, kuma wannan ne abin da babu jadawalin da zai gaya maka. Ana yin gwaje-gwajen nan a ɗaki mai sanyi, digiri 20 da 'yan kai. Mu kuwa a Makka zafi yana wuce 45 a bazara, Jidda ga zafi ga gumi. Duk digiri ɗaya da ɗakinka ya ƙaru, firosesa ma kusan ɗaya yake ƙaruwa. Kowane firosesa yana da iyaka: 14900K digiri 100, yawancin Ryzen 7000 digiri 95, 7800X3D kuma 89. Idan ya kai nan ba ƙonewa yake yi ba, rage gudu yake yi don ya kare kansa. Shi ne za ka ga wasa lafiya lau a rabin awa na farko, daga baya ya fara ja da baya.

A watan Agusta aka kawo mini wata kwamfuta daga ɗakin saman bene, inda mukayyif ke aiki rabi da rabi. Da na cire fankar, ƙura ta toshe tsakanin faifan ƙarfen ta zama kamar bargo, sai da na sa burushi na ɓamɓaro ta. Ma'ajun ɗin da ke tsakanin firosesa da na'urar sanyaya ya bushe ya zama ƙanzo. Mai ita ya zo da niyyar canza komai. Iska muka hura mata, muka shafa sabon ma'ajun, muka ƙara fanka ɗaya a gaba, gudunta ya dawo. A garuruwanmu kwamfuta tana son a buɗe ta a share duk bayan wata uku ko huɗu, kuma kada a ajiye ta a ƙasa kan kafet ko a cusa ta cikin kabad.

Nan ne cin wuta ya zama abin dubawa. 14900K yana iya jan wat 253 in aka ɗora masa aiki mai nauyi, a wasa ma yakan wuce 100. 7800X3D a wasa yakan tsaya ƙasa da wat 80. Kuɗin wutar ba shi ne damuwa ba: a farashin gida na halala 18 kowane kilowat a awa, ko da tazarar ta kai wat 150, awa huɗu kullum, abin da zai ƙaru a wata bai kai riyal huɗu ba kafin haraji. Damuwar ita ce duk wat ɗin nan zafi ne da zai zauna a ɗakin da kake kwana, sannan sai ka sayi na'urar sanyaya mai tsada kafin ka samu gudun da ka gani a jadawali.

An ce Intel zubi na 13 da 14 suna lalacewa. Gaskiya ne?

An samu matsalar, kuma kamfanin ya amsa ta a 2024. Wasu daga cikinsu, musamman manyan irin i7 da i9, suna neman ƙarfin lantarki fiye da kima, sannu a hankali su raunana, wasa ya riƙa rufewa da kansa. An fitar da gyara ta BIOS, mai lamba 0x129 a Agusta da 0x12B a Satumba na shekarar, aka kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran rigakafi ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya raunana. In kana da ɗaya, sabunta BIOS yau, ka adana fatura.

AMD ma ta ga nata a 2023, lokacin da wasu 7800X3D suka ƙone a cikin soket, wato mazaunin firosesa a mazabod, saboda yawan lantarki, aka ƙayyade shi a volt 1.3 ta sabon BIOS. Ko wane gida ka zaɓa, sabunta BIOS na cikin aikin haɗawa.

FPS ɗina ya haura 200 amma ana riga na harbi. Firosesa ne?

Duba fing ɗinka. FPS aikin cikin kwamfutarka ne, fing kuma lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba, wato kwamfutar da ke riƙe da wasan a intanet, ya dawo. Wasanni da dama suna da saba a Bahrain ko Dubai, kuma wanda wasa ya jefa shi sabar Turai zai ji bambanci nan take. Zaɓi yankin da hannunka, ka ja waya daga rawuta zuwa kwamfuta maimakon Wi-Fi. Babu firosesan da ke gyara wannan.

Malam, ɗana ya nace sai mai X3D. In saya masa?

Alhaji, Allah ya saka da alheri, tambayi yaron abu uku: wane wasa yake yi, wane allo gare shi, wane kati za a sa. An fitar da 9800X3D a kan dala 479. A canjin riyal 3.75 ya kama kusan riyal 1,800, in aka ɗora harajin kashi 15 ya haura 2,000, ban da mazabod da ram da na'urar sanyaya, domin ba ya zuwa da fanka a kwali. Idan duka kuɗin haɗin riyal dubu huɗu ne ko biyar, rabi ya tafi a firosesa, kuma katin da za a iya saya da ragowar ba zai bar shi ya nuna kansa ba.

Na san inda sha'awar ta fito. Tun da aka fara Gasar Cin Kofin Duniya ta wasannin kwamfuta a Riyad a 2024, da kyautar da ta haura dala miliyan 60, yaranmu suna kallon ƙwararru a kan allo mai 240 Hz ko fiye. Ga mai buga Counter-Strike 2 ko Valorant a irin wannan allo, da niyyar gasa, X3D kuɗi ne da ya tafi inda ya dace, ba zan hana ba. Ga mai buga EA Sports FC da Fortnite da abokai bayan Isha, mai ƙwaya 6 irin Ryzen 5 7600 ya wadatar, ragowar a ƙara a kati. In aljihu ya matse, Core i5-12400F ko Ryzen 5 5600 da ram DDR4 har yanzu suna aiki mai kyau. Harafin F a ƙarshen suna yana nufin dole sai da katin hoto, in babu shi allo ba zai kawo komai ba. A lissafa da farashin ram na ranar, domin tun ƙarshen 2025 ya yi tashin gwauron zabi.

Ina da tsohuwar mazabod ta AM4. Sai na zubar da komai?

A'a. Wannan soket ya yi tsawon rai, kuma mazabod da yawa irin B450 da B550 suna karɓar Ryzen 5000 bayan sabunta BIOS. Mai Ryzen 5 2600 ko 3600 da ya samu 5700X3D ko 5800X3D zai ji canji babba ba tare da ya taɓa ram ko mazabod ba. A 2025 samun su sababbi ya yi wuya, sai a hannu. Mai haɗa sabuwa daga tushe kuwa AM5, soket ɗin da ya gaji AM4, ya fi masa, tunda a 2024 AMD ta ce za ta ci gaba da tallafa masa har 2027 ko bayan haka.

Na hannu fa, a kasuwar Haraj ko ta Sawarikh?

Firosesa na cikin kayan da ba su cika lalacewa ba, saboda haka ba na hana sayen na hannu. Sharaɗina ɗaya ne: a kunna shi a gabanka. Buɗe CPU-Z ka tabbatar sunan da ke ciki ya dace da na jikin murfi, domin ana goge rubutu a buga wani. Bar shi ya yi Cinebench na minti goma kana kallon zafi a HWiNFO. Ryzen na AM4 ƙafafunsa a jikinsa suke, ka ɗaga shi a haske ka duba ko akwai wadda ta lanƙwashe. A AM5 da Intel ƙafafun suna cikin soket na mazabod, can za ka haska. i7 ko i9 na zubi na 13 da 14 kuwa, in babu fatura, ni ba na saya wa kowa, don ba a gane raunin da ido.

Zan tafi da ita gida Najeriya ko Nijar. Zaɓin zai canza?

Zai canza. A nan wuta ba ta cika yankewa ba, can kuwa da inbata da sola ko janareta za ta rayu, kuma kowane wat yana da lissafi a batir. Firosesa mai wat 65 irin Ryzen 5 7600 ko i5-12400F, ko 7800X3D ga mai hali, ya fi dacewa da duk wani mai jan 200. Bambancin 60 Hz na nan da 50 Hz na can ba matsala ba ne ga fawa sufulai na zamani, amma a haɗa ta da UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, saboda hawa da saukar wuta.

Sabunta BIOS tun kana nan, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa mazabod na iya mutuwa. Ranar ɗaure kaya ka cire katin hoto ka mayar da shi kwalinsa, in na'urar sanyayar babba ce ita ma ka kwance ta, don nauyinta kan iya tsaga mazabod a jifan kaya na kago. Sa bututun ma'ajun ɗaya a jaka saboda ranar mayar da ita, ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin ka zare ko ɗaya.